Keken Ɗinki Na Bakwai

Asabar, da hantsi

Yau ya yi mini magana. Ba irin “sannu” ɗin da ake jefa wa mutum a matakala ba, magana sosai, mai farko da ƙarshe.

Ina zaune a ƙofar ɗakinmu da littafi a cinya, na kai daidai inda jarumar ta ƙi buɗe wa jarumin ƙofa, sai na ga takalminsa a gabana. Yayan Sama. Haka muke ce masa ni da Umma, saboda ɗakin da yake haya a saman namu yake, duk takun da ya yi muna ji. Ɗalibin jami'a ne, ajin ƙarshe. Ba zan rubuta sunansa ba, ko a nan, don in na rubuta sai in ta kallonsa.

Ya ce, “Ƙanwata, an gama jarrabawa, me ake yi da hutu?”

Na ce babu komai. Na tura littafin ƙarƙashin gyale. Ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Wai taimako yake nema. Kundin kammala digirinsa zai rubuta a kan kamfanin ɗinkin yunifom ɗin da Umma take aiki, kuma Manaja ya yarda. Yana so a auna tsawon lokacin da kowace mai keke take ɗauka kafin ta miƙa riga ga ta gaba. Ya je da kansa sau ɗaya, matan suka sa shi a gaba da tsiya har ya manta danna agogo. “Ke kuwa 'yar gida ce,” in ji shi, “ba wadda za ta damu da ke.”

Na ce sai na tambayi Umma. Muryata ta fito kamar ta wadda mura ta kama.

Umma ta ce in je, ya fi mini zaman karanta ƙaryar mutane.

Lahadi, da yamma

Ya sauko da kujerarsa ya koya mini a tsakar gida, Umma tana ninke wanki a gefe.

Sunan karatunsa dogo ne, binciken tsarin aiki da ƙididdiga. Na ce me ake yi da shi? Ya ce ilimi ne da ke taimaka wa shugabanni su yanke shawara da lissafi, ba da son rai ba. Ya ce, “Kin taɓa tsayawa a layin kantin magani kina jin kamar ki yi kuka? To wannan layin yana da lissafi. Akwai yadda za a san ko taga ɗaya ta isa, ko sai an buɗe ta biyu.” Ban taɓa sanin jira yana da lissafi ba. Ni da na ɗauka jira abin zuciya ne kawai.

Ya koya mini matsakaici. Ka auna abu sau da yawa, ka tara, ka raba, sai gaskiyarsa ta fito. Ya ce awo ɗaya yana iya yin ƙarya, amma awo da yawa ba sa haɗa baki. Na maimaita wannan a raina har sau uku don kar ta ɓace.

Umma ta ce, “Ɗan nan, ka dai tabbata ba tonon silili za ka yi mana ba.”

Ya yi dariya, ya dafa ƙirji. “Haba Umma. Ba suna a ciki, lamba ce kawai. Keke na ɗaya, keke na biyu, shi ke nan.”

Da zai miƙo mini agogon awon, igiyarsa ta naɗe a yatsansa, sai da na warware. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Talata, da yamma

Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Zauren ɗinkin dogo ne, fanka uku a sama, ɗaya ba ta juyawa. Kekuna a jere, kowane da lambarsa da jan fenti a jikin tebur. Riga tana farawa daga teburin yanka, ta bi ta masu haɗa jiki, masu hannu, masu kwala, masu maɓalli, ta ƙare a wurin guga. Ƙasa duk ƙyalle da zare. Ƙarar kuwa, sai ka sa baki a kunnen mutum.

Aikina: in tsaya bayan mai keke, ta ɗauki riga in danna, ta ajiye in danna, in rubuta. Kafin azahar sun raɗa mini Mai Agogo.

Abin dariya, da na tsaya bayan mace sai ta gyara zama, ta daina hira, ƙafa ta hau taka keke kamar ana binta. Da na matsa gaba sai in ji ta sauke numfashi. Anti Mai Kwala, ƙawar Umma da ke keke na shida, har da tofa wa hannunta yawu. Ta ce, “Danna, 'yata, yau za ki ga aiki.” Kwala tana shiga tana fita kamar ba hannun mutum ba. Da na gama ta ce, “Wash, bayana. Ki tafi can ki kashe wata.”

Mata biyu ne masu kwala a duk zauren. Ita, da Umma a keke na bakwai. Gobe ko jibi zan kai kan Umma.

Laraba, da safe

Jiya da na kai masa takardun ya ce rubutuna yana da tsabta. Rubutuna.

Alhamis, da yamma

Yau na auna Umma, in dai wannan awo ne.

Na tsaya a bayanta na danna. Ta ɗinka rabin kwala, ta tsayar da keke, ta waiwayo. “Kin ci abin da na ƙunsa miki?” Na ce Umma agogo yana tafiya. Ta ce, “To ya tafi mana, ni na riƙe shi?” Ta ci gaba. Riga ta gaba, ta tsaya ta gyara mini gyale, wai ya karkace, maza masu yanka suna kallo. Ta gaba kuma ta jawo mini kujera da ƙafa, wai tsayuwa za ta kumbura mini ƙafa. Wata rigar ma ajiye ta ta yi gaba ɗaya tana nuna wa mai hannu ni: “Kin ga ta, ita ce autar. Lissafi take yi wa ɗan jami'a.”

Sauran matan tsoron agogon suke ji. Umma ba agogo take gani ba, ni take gani.

Na so in fasa, amma ya ce mini kar in taɓa gyara lamba, abin da agogo ya faɗa shi zan rubuta, wannan ita ce amanar aikin. Sai na rubuta. Kwana biyu zan yi a kanta kamar kowa. Na san gobe ma haka za ta yi.

Asabar, da rana

Na kai masa na ƙarshe. Na tsaya a bakin ƙofarsa, ban shiga ba. Ɗakin duk littattafai, kwamfuta a kan katifa, kofin shayi a kan taga.

Ya duba, ya ɗaga gira. “Wace ce keke na bakwai? Barci take yi?”

Na ce Umma ce, na ba shi labari duka, har na gyale. Ya yi dariya har ya zauna. Sannan ya ce wannan sanannen abu ne a karatunsu: mutum yana canzawa in ya san ana kallonsa, kuma ba a sa ɗa ya auna uwarsa, laifinsa ne da bai tuna ba. Ya ce lambar da ta fita daban saboda dalili irin wannan ba a gina hukunci a kanta, cire ta ake yi, a rubuta dalili a ƙasa.

Na ce, “Za ka cire, Yaya?”

Ya ce, “Ki ɗauka an cire. Ni zan cuci Umma?”

Sannan ya ce ina da kan lissafi, in na shiga jami'a in karanci irin nasa. Ya ara mini littafinsa na shekarar farko, mai bangon shuɗi.

A littattafan da nake karantawa fure ake bayarwa. Ni na fi son wannan.

Talata, da hantsi

Na bar jarumata a tsaye bayan ƙofa, kwana uku ban leƙa ta ba. Shuɗin littafin nake karantawa. Rabi ban gane ba, amma rabin da na gane ya canza mini ido. Na je sayen burodi na tsaya ina lissafa mutum nawa ke shiga layi kafin a sallami ɗaya. Mai shagon ya ce, “'Yan mata, saye za ki yi ko gadi?”

Na fara fitar da matsakaicin lokacin da yake dawowa gida, daga jin takunsa. Awo da yawa ba sa haɗa baki.

Wata rana zan zauna a ofis mai labule, a kawo mini matsala, in ce a ba ni alƙaluma. Wani zai shigo ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Ban ce wane ne ba.

Alhamis, da yamma

Ya kare kundinsa, ya ci. Ya sauko matakala bibbiyu, ya ce malaminsa ya ce nasa ne ya fi na kowa, don shi kaɗai ya gano abin da za a iya aiki da shi gobe-gobe. Manaja ma ya nemi kwafi, har ya kira shi ofis.

Umma ta sa masa albarka mai tsawo. Ni na ce, “Barka.” Kalma ɗaya na samu. Ya ce, “Mai Agogo, da ke aka yi.”

Da ke aka yi.

Litinin, da yamma

Umma ta dawo ba ta yi sallamarta mai waƙa ba. Ta ajiye jaka, ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Na kawo ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

Na ce lafiya? Ta ce taro aka yi. Na ce na me? Ta ce na aiki.

Ta tashi ta share ɗakin da na riga na share.

Talata, da safe

Ba ta ƙunsa wa kanta komai ba yau. Ta ce ba ta jin yunwa.

Laraba, da yamma

Anti Mai Kwala ta biyo Umma gida. Suka aike ni sayen sukari, alhali akwai sukari. Na tsaya a bayan labule.

Daga hirarsu na ji: Manaja ya manna babbar takarda a bangon zaure. Zane ne, kowane keke da sandarsa, mai jinkiri sandarsa ta fi tsawo. Duk sandunan kusan kai ɗaya, sai guda ɗaya da ta yi sama ita kaɗai, an shafa mata ja. Ba suna. Lamba ce kawai. Amma lambar tana nan da jan fenti a jikin teburin da Umma ta zauna tun ina goye, kowa ya waiwaya ya kalle ta.

Wai bincike ya nuna a nan aiki yake cunkushewa. Za a sayo sabon keke mai sauri a ba lamba shida, ita kaɗai ta isa kwala. Lamba bakwai kuwa, ƙarshen wata za a sallame ta.

Anti tana ta rantsuwa. “Wallahi ban san haka abin zai zama ba. Kowa ya san in aka tsaya maka da agogo takawa ake yi. Ke ma me ya hana ki takawa?”

Umma ta ce, “Yarinyata ce a tsaye.”

“To ai shi ne.”

“Shi ne me?”

Sai Anti ta ce, “Ni fa ba zan iya irin gudun nan kullum ba, ranar ma sai da na sha magani.” Umma ta ce, “To ki faɗa wa Manaja mana.” Sai ƙarar cokali a kofi.

Na je na sayo sukarin.

Kuskure ne. Tsohuwar takarda aka ba Manaja, wadda ba a gyara ba. Haka ne. In ya ji zai gyara.

Alhamis, da rana

Na ji takunsa da sassafe, kafin in sa gyale ya fita. Bai taɓa fita a wannan lokacin ba. Ina da lissafin.

Juma'a, da yamma

Yau ma. Matsakaicina ya lalace.

Umma ba ta ce mini komai ba. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Tana ce mini “auta” kamar kullum, tana tambaya ko na ci abinci. Duk sanda ta tambaya sai in ji yatsana yana neman abin dannawa.

Asabar, da hantsi

Na zauna a matakala tun safe da shuɗin littafin, don dole ta nan zai wuce. Ni da ko mai shago ba na iya kallo a ido.

Ya sauko da sabuwar riga. Ya ce, “A'a, ƙanwata,” zai raɓa ni. Ban matsa ba.

Na ce, “Yaya, an ba Manaja takardar da ba a gyara ba.”

Ya kalli bango. Ya ce takarda ɗaya ce.

Na ce, “Ka ce in ɗauka an cire.”

Ya zauna a matakalar da ke sama da tawa, ya sassauta murya, irin muryar da ya koya mini matsakaici da ita. Ya ce ya cire, da gaske ya cire, ya sake lissafin. Da ya cire sai duk sandunan suka zama kai ɗaya. Babu cunkoso, babu matsala, babu shawarar da zai bayar. “Shekara huɗu, ƙanwata. In je gaban malamai in ce na bincika na tarar komai lafiya? Wa zai ba ni maki a kan lafiya?” Sai ya mayar.

Na ce, “Amma ka san ba gaskiya ba ce.”

Ya ce, “Agogo ne ya faɗa. Ba ni na ƙirƙira ba. Ke kika rubuta da hannunki.”

Ban san mutum yana iya jin sanyi a tafin ƙafa da rana tsaka ba.

Ya ce bai zaci Manaja zai yi aiki da shi ba, kundi nawa ake rubutawa su ƙare a kabad. Na ce to ka je ka faɗa masa yanzu. Ya ce in ya faɗa, maganar za ta koma jami'a, a ce ya san awo gurɓatacce ne ya yi shiru, su riƙe masa sakamako. Kuma akwai wani abu: Manaja ya ɗauke shi aiki, mataimaki a ofishin tsare-tsare, farkon wata zai fara. “In na shiga ciki zan fi iya taimakon Umma. Ki ba ni lokaci.”

Farkon wata. Washegarin ƙarshen wata ke nan.

Na ajiye masa littafinsa a kan matakala. Ya ce in riƙe, kyauta ce. Na bar shi a nan.

Lahadi, da yamma

Littafin yana nan a matakala. Kowa tsallake shi yake yi.

Na koma wurin jarumata. Ta buɗe ƙofar, ya durƙusa, ashe duk rashin fahimta ce, wata ce ta ɓoye wasiƙa. Kullum wata ce ta ɓoye wasiƙa. Ba a taɓa rubuta wanda ya fahimta sarai, ya zauna ya lissafa, sannan ya yi ba.

Na mayar wa mai ba da hayar littattafai kayansa duka. Ya ce a kawo sababbi? Na ce a'a.

Talata, da rana

Na je. Ban gaya wa Umma ba. Na bi ta ƙofar baya don kar in ratsa zaure, amma ta taga na hango zanen a bango, jan yana nan.

Ofishin Manaja yana da labule, irin wanda nake mafarki. Na haddace abin da zan faɗa tun daga gida, da ya ɗago kai sai rabi ya gudu.

Na ce, “Yallaɓai, ni ce na riƙe agogon.”

Ya ce, “Na gane ki. Aiki mai kyau.”

Na ce lamba bakwai mahaifiyata ce, awon bai yi daidai ba, tsayawa take yi tana yi mini magana. Na ce a littafi ma an ce ba a gina hukunci a kan irin wannan. Na roƙe shi ya sa wani ya sake aunawa, wanda ba ta sani ba, ko na yini ɗaya.

Bai yi fushi ba. Da ya yi ma, da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “'Yata, kin ga, da kin zo kin ce lambar wata ce ba daidai ba, sai in saurara. Amma 'ya ta zo ta ce lambar uwarta ce kaɗai ba daidai ba? Ke a kujerata me za ki ce?” Ya ce shekara da shekaru ana zarginsa da son kai in ya sallami mutum, shi ya sa wannan karon ya bar wa ilimi. Jami'a ta duba ta sa hannu. An riga an yi odar keken. Ya ce, “Kuma in har tana tsayar da aiki don hira, ai kin ga ba ƙarya agogon ya yi ba.”

Na ce ba kullum ba ne, don ni ce.

Ya ce, “Allah ya yi miki albarka, kina son mahaifiyarki.” Ya jawo wata takarda.

A hanyar fita na yi karo da Anti ta fito daga banɗaki. Ta kama hannuna ta ce, “Kar ki gaya mata kin gan ni ban ce komai ba.” Ban gane me take so in ɓoye ba. Ai ba ta ce komai ɗin ba.

Laraba, da safe

Awo da yawa ba sa haɗa baki. Mutane ne suke haɗawa, kuma ba sai sun yi magana ba.

Juma'a, da yamma

Umma ta dawo da wuri. A jakarta akwai almakashinta, da ɗan matashin da take sawa a bayanta, da kofin roba. Iyakar abin da yake nata a wurin ke nan.

Ta ce in taya ta jawo tsohon kekenta na ƙafa daga bayan kabad. Muka goge ƙura, ta ɗiga masa mai, ta taka, ya yi tari ya kama. Ta ce, “Ka ga ɗan halak, bai yi fushi ba.” Ta sa ni rubuta ANA ƊINKI DA GYARA a kwali, wai rubutuna yana da tsabta.

Na shiga banɗaki na daɗe.

Lahadi, da hantsi

Gobe zai fara aiki.

Muna tsakar gida, Umma tana rage wa wata maƙwabciya siket, sai ga takunsa. Na san shi tun daga matakala ta farko. Ya tsaya da sabon wando baƙi a hannu, takardar kanti ma ba a cire ba. Ya gaida Umma har ƙasa. Bai kalle ni ba.

Ya ce ya ga kwali. Wandon ya yi masa tsawo, kuma gara ya kawo gida da ya kai wa bare. Ya ce ko nawa ne zai biya, har ya ƙara. Ina jin a ransa wannan ne taimakon da ya ce zai fara.

Na jira Umma ta jefa masa wandon a fuska. A littafi haka ake yi.

Ta karɓa, ta duba ɗinkin kanti ta taɓe baki, ta ce ya tsaya a miƙe. Ta durƙusa ta gwada a jikinsa, ta sa alama da alli. Sannan ta zauna a keke, ta zura zare, ta ɗago ta dube shi.

“Ɗan nan, minti nawa kake so ya ɗauka?”

Ya ce, “Haba Umma.”

“A'a, faɗi. Kar in cunkushe maka aiki.”

Ya kau da kai. Umma ta ce, “Auta, agogon mutane yana wurinki har yanzu ko? Ɗauko. Ba shi ya riƙe da kansa.”

Ashe ta san da saninsa ya bar lambarta a ciki. Ban san tun yaushe ba, ban san wa ya faɗa mata ba, ko ba wanda ya faɗa. Na ɗauko daga ƙarƙashin matashi na miƙa masa. Igiyar ta naɗe a yatsana. Na warware da kaina.

Umma ta taka. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ba ta ɗago ba, ba ta yi tari ba, ƙafar wando ɗaya ta wuce, ta juya, ta biyu ta wuce, ta datse zare da haƙori. Yana tsaye da agogo a hannu kamar an ba shi garwashi. Bai danna ba.

Ta ninke wandon ta miƙa masa. Ya sa hannu a aljihu, ta ce, “Bar shi. Ka je da shi ofis, in an tambaye ka wa ya yi, ka ce lamba bakwai.”

Ya hau sama. A hanya ya sunkuya ya ɗauki shuɗin littafin. Takunsa ya yi ta kai da komowa a kanmu, ban lissafa ba.

Umma ta jawo siket ɗin maƙwabciya ta ci gaba. Ina tsaye a bayanta, daidai inda na tsaya ranar. Ta ɗinka rabi, sai ta tsayar da keke, ta waiwayo.

“Kin ci abinci?”

Na ce a'a.

Ta ce, “To jawo kujera ki zauna tukuna. Tsayuwar nan za ta kumbura miki ƙafa.”